Jirgin Mati a Kan Gadon Laure

Duk wanda ya zauna a Gumel shekarun nan ya san Mati, in ma bai san shi ba ya san hularsa. Hular kwano ce ruwan ɗorawa, irin ta ma'aikatan gine-gine, wadda ya dawo da ita daga wajen Kano, inda ya taɓa riƙe jar tuta a wurin da ake shimfiɗa sabon layin dogo. Aikinsa shi ne in tifa za ta fito ya ɗaga tuta, in ta wuce ya sauke. Bai cika damina ɗaya ba aka sallame shi, domin ya fi tsayar da direban tifa da surutu a kan motocin da aka ce ya tsayar. Da ya dawo gida sai ya ce daga yau a kira shi Injiniya. Gajere ne mai ɗan tumbi, hular kuwa ta yi masa yawa. In ya juya kai da sauri, ita sai ta tsaya tana kallon inda ya baro.

Wata ranar la'asar, a gindin darbejiyar da ke ƙofar shagon Ɗanjuma mai walda, wata tirela ta wuce shaƙe da tsofaffin ƙarafa. Mati ya bi ta da kallo, ya yi tsaki.

"Ku dai ba ku san ciwon kanku ba," in ji shi. "Kullum a kwashi ƙarfenmu a kai Kudu. A narka shi a can, a miƙe shi, a dawo mana da shi rodi, mu saya muna godiya. Ya sha mota zuwa, ya sha mota dawowa, kuma duk a wuyanmu. Ƙarfen Gumel ya fi mutanen Gumel yawon duniya!"

Gudaji taubashinsa yana wurin, wani dogo siriri mai dillancin shanu a Maigatari, wanda tun suna yara ba ya barin maganar Mati ta faɗi ƙasa bai taka ta ba.

"To Injiniya, turke za a kafa masa?"

"Narka shi za a yi a nan. In an narka a zuba dogo. Daga Gumel zuwa Maigatari, reshe ɗaya ya nufi Sule Tankarkar, ɗaya ya gangara Gagarawa ya haɗe da tsohon layi. Shanunka ma, kai baƙauye, a zaune za su riƙa zuwa kasuwa."

"A zaune? Da tikiti?"

"Da tikiti." Sai ya juya wajen direbobin da ke shan shayi a gefe. "Ku kuma ku fara neman wata sana'a tun da wuri. Kada ku ce ban gaya muku ba."

Direbobi suka ce sun ji, sun gode.

Matarsa Laure mace ce mai shiru-shiru. Ta ga kiwon kifi a bahon wanki, ta ga injin ƙyanƙyasa da ya dafa ƙwai, saboda haka da ta ga ana kwaɓa ƙasa a bayan gida sai kawai ta kwashe shanyarta. Mati ya gina wani abu mai kama da rumbu marar jinka, ya ce sunansa masana'anta. Ya cika shi da tsofaffin fartanyu, da sarƙar keke, da ƙafar keken ɗinki, da duk abin da ya yi ƙara in an buga. Ya juye gawayin Laure kaf. Gawayi ya ƙare ya zuba itacenta, itace ya ƙare ya fara zare karan danga. Zugazugin da ya aro ya gajiyar da shi, sai ya tayar da janareta, ya kawo fanka mai tsayuwa ya saita ta a bakin wutar.

Fanka kuwa ba ta san aikin da aka ɗauke ta ba. Ta hura wutar, ta juya kai yadda ta saba, ta kwashi tartsatsi ta watsa a dangar Kande mai ƙosai, maƙwabciyarsu.

"Mati! Dangata!"

"Yi haƙuri, Kande, cigaba ne."

"Cigaban ne zai rufe mini makewayi? Kawo ruwa, don ubanka!"

Sai da unguwa ta fito da bokitai. Da aka kashe wuta, masana'anta ta huce, Mati ya tara mutane a fasa a ga ƙarfen Gumel. Aka fasa. Fartanya ta fito fartanya, sai dai ta yi baƙi. Sarƙar keke ta fito sarƙar keke. Abu ɗaya ne ya narke, tukunyar miyar Laure, wadda ba ƙarfe ba ce tun asali, ta dunƙule ta koma kamar curin fura.

Gudaji ya ɗauke ta ya juya. "Injiniya, wannan dogon Maigatari ne ko na Gagarawa?"

Da wani ne, da kunya ta kama shi. Mati kuwa gyara hula ya yi.

"Alhamdu lillahi, bincike ya yi kyau. Yanzu na gano sirrin da manyan kamfanoni suke ɓoyewa. Ba ƙarfe ne mai tsada ba, wuta ce. Duk mai sayen rodi zafi yake saya. To tsohon ƙarfe, ai wani ya riga ya ƙona gawayinsa a kansa tun zamanin kakanninmu. Mai ilmi ba ya narka abin da aka riga aka narka. Nemo wanda yake a miƙe yake yi."

"Ina za ka samo ƙarfe a miƙe?" in ji Gudaji.

"A ƙarƙashin katifar tsohuwarka."

Kuma gaskiyarsa ce. Tun da mata suka koma gadon katako, tsofaffin gadajen ƙarfe suka koma jingine a bayan ɗakuna, kaji suna kwana a kansu. Kowane gado kuwa yana da dogayen ƙarafa biyu a gefe, miƙaƙƙu sar. Mati ya shiga ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa gida-gida, yana yi wa tsofaffi alkawarin hawa jirgi kyauta har ƙarshen rayuwa. Wata tsohuwa ta ce ƙarshen rayuwar wa, nata ko na jirgin? Ya ce wanda ya riga. Ta ba shi gadon, ta ce ko ba komai kaji sun huta da faɗowa.

A Gagarawa ya tsaya ya yi aikin da ya kira awo. Ya je bakin tsohon layin dogo, ya naɗe hannun riga, ya durƙusa, ya kafa gwiwar hannunsa a jikin ƙarfe ɗaya, ya miƙa yatsu wajen ɗayan, yadda ake auna yadi a kasuwa. Kamu ɗaya, kamu biyu, ga ɗan saura, ya cike da tafin hannu. Wani mai amalanke ya tsaya ya ce, "Malam, lafiya? Ba nan ne gabas ba."

"Ba salla nake ba. Kamu biyu da tafin hannu! Abin da Turawa suka yi shekaru suna ɓoyewa ke nan."

Dogo ya samu, awo ya samu, saura tarago. A duk gadajen da ya tara babu mai lafiyar da zai ɗauki kaya. Gado ɗaya ne ya san zai iya, yana ɗakin Laure. Gadon ƙarfe ne mai rumfa, da kawunan tagulla a kan ginshiƙansa huɗu, na mahaifiyarta ne, kuma a kansa ta haifi 'ya'yanta duka. Autarsu Tayyiba tana Maigatari, tana auren ɗan Alhaji Abduljabbar, babban 'yan hatsi na kasuwa. Cikinta na fari ya tsufa, an kuma sa ranar Alhamis Laure za ta je ta ɗauko ta goyon ciki.

Mati ya shiga ɗakin yana shafa ginshiƙi. "Kai, ƙarfen da! Yanzu ba a yin irinsa."

"Sauke hannunka, Malam."

"Aro kawai, Laure."

"Tukunyata ma aro ce."

"Tarihi za ki shiga. Za a ce tarago na farko a ƙasar Gumel—"

"Ni ba na son shiga ko'ina." Tana ninke kaya ne, domin za ta je suna gidan yayarta a Sule Tankarkar, daga can ta wuce Maigatari. Ba ta ɗaga murya ba. "A kan gadon nan na haifi Tayyiba, a kansa za ta yi jegonta. In na dawo na tarar ko ƙusa ɗaya babu a jikinsa, kai da hularka ku koma zaure."

Ta tafi. Mati ya zauna ya yi nazarin maganar kamar alƙali. Ba ta ce kada gado ya fita shan iska ba. Cewa ta yi kada wani abu ya ragu. Shi kuwa ƙari zai yi. A yi bikin buɗe jirgi da hantsin Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, a ɗora gado a mota da azahar, kafin Laure ta gama gaishe-gaishe a gidan surukai ya riga ta isa Gumel. Ya kira Ɗanjuma, aka liƙa wa ƙafafun gadon wasu ƙafafun ƙarfe masu kwarmi da aka ciro daga matattun injinan niƙa. Ɗanjuma mutum ne da ba ya tambaya. In ka ce ya haɗa, zai haɗa.

A Maigatari akwai 'yar gangara daga inda manyan motoci ke sauke kaya zuwa rumfunan 'yan hatsi. Nan Mati ya zaɓa ya zama layin gwaji. Ya je neman izini wajen Alhaji Abduljabbar, wanda da wani ne ya zo masa da maganar da tuni ya kore shi, amma suruki ne, sai ya dubi ƙasa ya ce, "Allah Ya sa albarka."

Lokaci ya ƙure, saboda haka Mati ya raba aiki biyu. Shi da 'yan dako biyu su faro daga sama, Gudaji da nasa su faro daga ƙasa, a haɗu a tsakiya. A jera azara a ƙasa, a ɗora ƙarafan gado a kai, a buga.

"Faɗin nawa?" in ji Gudaji.

"Kamu biyu da tafin hannu. Ko wannan ma sai na rubuta maka?"

Babu wanda ya tambaya hannun wa. Ai ba a tambaya. Kowa da kamunsa yake yawo a jikinsa, shi ya sa mai wayo in zai sayi yadi yake tafiya kasuwa da dogon mutum. Gudaji kuwa in ya miƙa hannu yana tsaye, sai ya ɗauki goro a faifan da ke rumfar maƙwabta. Ya naɗe riga, ya auna tsakaninsa da Allah.

Ranar Laraba da rana tsaka layukan biyu suka haɗu. Na Mati ya taho a tsuke, na Gudaji ya taho a buɗe, har na Mati zai iya shiga cikinsa ya zauna. 'Yan dako suka tsaya suna kallo. Mati ya zagaya wurin, ya tsuguna, ya taɓa ƙarfen, ya janye hannu da sauri.

"Zafi ne," in ji shi. "Ƙarfe yana buɗewa da zafin rana, duk injiniya ya san wannan. Gefen nan ya fi samun rana. Da safe zai koma daidai."

"Rana ɗaya ce a kanmu duka," in ji Gudaji.

"Kai da shanu ka sani. Ɗanjuma, haɗa."

Ɗanjuma ya lanƙwasa bakunan da guduma, ya haɗa. Mati ya sa aka barbaɗa yashi a wurin don kyan gani.

Alhamis ta yi, kasuwa ta cika ta batse. Labari ya riga ya zagaya, har masu shanu suka baro kara suka zo kallo. Ga gado a saman gangara, an goge tagullarsa tana walƙiya, an jera masa buhunan gero. Mati ya sha riga mai ɗaukar ido irin ta 'yan kwangila, da usur a wuya. Ya rusuna gaban Alhaji Abduljabbar.

"Ranka ya daɗe, kai ne fasinja na farko. Bisimilla."

Alhaji ya dubi gadon, ya dubi gangarar. "Gwiwata tana damuna, Malam Mati. Amma ga ragon da na saya na sunan jikanmu. Ya wakilce ni."

Aka ɗora rago, aka ɗaure shi a ginshiƙi. Wani Badamagare mai sayar da dabino ya matso ya leƙa ƙarƙashin gadon. "Malam, ina injin? Ko kamyo, babbar motar kaya, ai da injinsa."

"Gangara ce injin. Ba ta shan mai, ba ta cin gawayi."

"To dawowa fa?"

"Dawowa mataki na biyu ne."

"Birki fa?" in ji Gudaji.

Mati ya ɗaga ƙafa ya nuna takalminsa na tayar mota. Ya hau, ya riƙe rumfar gadon da hannu ɗaya, ya busa usur. 'Yan dako suka tura.

Abin mamaki, jirgi ya tafi. Ƙafafu suka kama dogo, ƙaƙaf-ƙaƙaf, ƙaƙaf-ƙaƙaf, kamar na gaske. Kasuwa ta ɗauki sowa. Mata masu fura suka rangaɗa guɗa. Mati ya ji duk duniya babu kamarsa. Ya sara wa hagu, ya sara wa dama, ya hango direbobi a tasha ya yi musu alamar su tattara. Gado yana ƙara gudu, rago yana ƙara kuka. Ya ɗaga kai don ya sara wa na gaba, sai ya hango wata mata a bakin rumfunan hatsi, da mayafi ruwan ƙasa, da wata yarinya mai tsohon ciki a gefenta. Sun fito sayen kayan yaji na jego, sun ji hayaniya sun tsaya.

Matar ba ta guɗa. Gadon take kallo.

Mati ya zura ƙafa ƙasa ya taka birki. Birki ya fita daga ƙafarsa, ya yi sama, ya faɗa cikin ƙwaryar nonon wata Bafillatana. Ya zura ɗaya ƙafar, ita ma haka. Daidai nan suka iso inda aka barbaɗa yashi. Ƙafafun gado suka nemi dogo a inda suka saba, dogo kuwa ya koma inda Gudaji ya ajiye shi. Gado ya zurma tsakiya, ya kafa ƙafafun gaba a azara, ya tsaya cak.

Gadon ne kawai ya tsaya. Buhuna suka ci gaba, suka fashe. Mati ya ci gaba, ya bi ta saman kan mai dabino, ya sauka a kwamin da ake shayar da shanu. Rago ya tsinke igiya, hular kwano ta maƙale a ƙahonsa, ya ratsa kasuwa da ita yana watsa tumatir da barkono. Awaki da jakuna da kajin Maigatari kuwa, da suka ga gero a ƙasa, ba su jira a yi musu bisimilla ba.

Mati ya fito daga kwami yana ɗigar ruwa. "Zagon ƙasa ne! Gudaji ne ya ɓata awo!"

"Kamu biyu da tafin hannu ka ce."

"Haka na ce!"

"To ga shi." Gudaji ya durƙusa a nasa gefen ya auna a gaban kowa. Kamu biyu da tafin hannu, cif.

Mati ya ruga nasa gefen ya auna. Kamu biyu da tafin hannu, cif.

Sai mai dabino ya ce, "To ku gwada hannuwan mana." Aka jawo su, aka haɗa gwiwa da gwiwa. Yatsun Mati suka ƙare a inda Gudaji ke ɗaura agogo. Dariyar da aka yi, har shanu suka firgita. Alhaji Abduljabbar, da ba zai yi wa suruki dariya a fili ba, ya tusa fuska a hannun babbar rigarsa, kafaɗunsa suna rawa, yana cewa tari ne.

Laure ta ratso mutane. Ta zagaya gadon a hankali. Ƙafafun gaba sun lanƙwashe, rumfa ta karkace, kan tagulla ɗaya ya gangara har gaban Tayyiba, ta sa aka miƙo mata shi.

"Inna, ba gadonmu ba ne?"

"Shi ne."

"Laure," in ji Mati, "in kin lura, babu abin da ya ragu. Ƙari ma aka yi."

Ta karɓi kan tagullar ta ƙulle a bakin mayafi. "A mayar mini da shi ɗakina, Malam."

Ta kama hannun 'yarta suka wuce.

Mati ya nufi tasha ba takalmi, ba hula. Direban farko ya ce, "Ayya, Injiniya, ai na bar sana'ar, kai ka ce." Na biyu ya ce yana koyon ɗinki. Na uku ya ce motarsa ba ta ɗaukar jirgi, sai dai jirgi ya ɗauke ta. Ba yadda ya iya, ya jawo gado ya ɗora a kwalta ya fara turawa. Gudaji ya bi shi a baya a kan babur, a hankali, yana busa usur a kowane ƙauye yana sanar da sunan tasha. Sai washegari da hantsi suka shiga Gumel. Kande ta bar kaskon ƙosai a wuta ta fito ta yi guɗa, ta ce yau ta ga cigaba da idonta, yana gumi.

Ya tarar da tabarmarsa a zaure.

Ɗanjuma ya zo ya miƙe abin da zai miƙu. Da ya kunna wuta zai yanke ƙafafun injin niƙa, Laure ta ce wuta ba za ta sake taɓa gadon mahaifiyarta ba, a bar su. Haka aka shigar da shi ɗaki da ƙafafunsa, in an taɓa shi ya gangara, in an saki ya dawo, domin daɓen ɗakin ba daidai yake ba.

Tayyiba ta sauka lafiya, namiji. Aka yanka ragon da ya wakilci Alhaji, bayan an ciro hula daga ƙahonsa. Yaro kuwa ya zo da rigima. Goyo ba ya sa shi barci, jijjiga ba ta sa shi, sai ranar da Laure ta jingina da gadon ya gangara ya dawo, yaro ya yi ɗif. Tun daga nan ba ya runtsawa sai gado yana tafiya.

Uba ba ya shiga ɗakin da 'yarsa ke jego. Saboda haka Laure ta ɗaura igiyar guga a ginshiƙi, ta zuro ta taga, ta bi da ita tsakar gida har zaure. Ta sa Ɗanjuma ya shimfiɗa ƙarafa biyu a ƙarƙashin ƙafafun don kada su ci daɓe, ta kuma auna faɗin da kanta, sama da ƙasa, da hannu ɗaya.

Yanzu in ka bi ta ƙofar gidan da rana za ka ga Mati zaune a zaure da hularsa mai huda a gefe, yana jan igiya yana saki, yana yi wa duk wanda ya tsaya bayanin cewa a duk ƙasar Gumel layinsa ne kaɗai ke aiki kullum, bai taɓa makara ba, fasinja bai taɓa neman canji ba. In bayanin ya yi daɗi har hannu ya tsaya, sai a ji kuka daga ciki, sannan muryar Laure, ba tare da ta ɗaga ta ba:

"Injiniya, fasinja ya farka."